Marine: Ƙaramin Kulob Ɗin da Ya Fara Karɓar Baƙuncin Nijeriya

Na san yawancinmu in ana hirar ƙwallon Ingila ba ma wuce Arsenal da Manchester United. To, yau ina so in ja hankalinku zuwa wani ƙaramin kulob da ke Crosby, arewa da birnin Libaful, wanda a ganina ya fi su alaƙa da mu.

An kafa Marine a shekarar 1894, kuma sunan ya samo asali ne daga wani otal da waɗanda suka kafa shi suka yi taro a ciki. Filinsu, Rossett Park, yana tsakiyar unguwa, gidajen mutane na jingine da shi. Har lambobin gidajen aka manna a jikin shinge, don in ƙwallo ta tsallaka a san ƙofar da za a ƙwanƙwasa.

A 1949 'yan wasan Nijeriya suka shiga jirgin ruwa daga Ikko zuwa Libaful, karo na farko da tawagar ƙasar ta fita waje. Etim Henshaw ne kyaftin, ga kuma Teslim Balogun. Da Marine suka fara karawa, yawancinsu ba takalmi, a gaban 'yan kallo wajen 6,000, suka kuwa lallasa masu gida da ci 5 da 2. Abin takaici, a ajin tarihi mun haddace sunayen gwamnonin Turawa, amma ba wannan ba.

Koci guda, Roly Howard, ya riƙe kulob ɗin daga 1972 zuwa 2005, wasanni 1,975. Mu da ake yi wa canjin wurin aiki kowace shekara biyu mun san nauyin wannan.

A Janairun 2021, suna mataki na takwas, suka kara da Tottenham ta Mourinho a Kofin FA. Annobar korona ta hana 'yan kallo shiga, kuɗin ƙofar da suke sa rai ya salwanta. Sai suka sayar da tikitin da ba ya shigar da kowa fili, mutane suka sayi fiye da 30,000, da yawansu magoya bayan Tottenham. An ci Marine 5 ba ko ɗaya, maƙwabta na leƙe daga bayan gidajensu.