Dala a kife: yadda ake jera labari don kada mai karatu ya tsere

Dala a kife, wadda ƴan jarida masu aiki da Faransanci ke kira pyramide inversée, hanya ce ta rubuta labari inda ake fara kawo abin da ya fi muhimmanci, sauran bayanai su biyo baya gwargwadon nauyinsu, har a ƙare da abin da ko an cire shi labarin bai ragu da komai ba. Duk wanda ya taɓa ganin hoton dalar gyaɗa ta Kano ya san gindinta ne mai faɗi, kanta kuma tsini. A nan kife ta ake yi, faɗin ya koma sama.

Sakin layi na farko shi ne ke ɗaukar nauyin. Ana so ya amsa mafi yawan tambayoyi shida: me ya faru, wa ya shafa, a ina, yaushe, ta yaya, kuma me ya jawo. A ce ruwan sama ya karya gada a hanyar da manyan motoci ke bi zuwa kan iyaka. Direban da ke shirin tashi da kaya gobe da asuba ba ya neman tarihin gadar. Abin da yake so ya sani shi ne wace gada ce, tun yaushe aka rufe hanya, kuma ta ina zai zagaya. Idan marubuci ya ajiye wannan sai sakin layi na biyar, direban ya riga ya tafi tambayar abokansa a tasha. Shekarar da aka gina gadar da alkawuran gyara da aka sha yi suna da wurinsu, amma a ƙasa.

A Amurka wannan tsari ya samo asali, a ƙarni na 19. An aika saƙon tangaraho na farko daga Washington zuwa Baltimore a 1844, sannan a 1846 wasu jaridun New York suka haɗa kai suka kafa kamfanin dillancin labarai na Associated Press. Kuɗin tangaraho da yawan kalmomi yake tafiya, kuma waya na iya katsewa ana tsakiyar saƙo, don haka wakili mai hankali kan fara da zuciyar labari. Misalin da aka fi kawowa shi ne sanarwar da sakataren yaƙi Edwin Stanton ya fitar bayan an harbi shugaba Abraham Lincoln a gidan wasan kwaikwayo na Ford ranar 14 ga Afrilu, 1865. Jimlar farko ta faɗi lokaci da wuri da wanda aka harba, ba tare da wata shimfiɗa ba. Wasu masu tarihin aikin jarida na ganin tsarin bai zama ruwan dare ba sai wajen ƙarshen ƙarnin. Abin da ya ƙara masa gindin zama shi ne maɗaba'a: a zamanin da ake haɗa haruffa da dalma, idan labari ya fi gurbin da aka ba shi tsawo, edita daga ƙasa yake yankewa, kuma ba ya da lokacin sake rubutu.

Waɗanda suka yi makarantar Faransanci a Nijar, Kamaru ko Chadi za su gane sunayen sassan. Bayan titre, wato kanu, akwai chapô, taƙaitaccen bayani na layi biyu ko uku da ke zama kamar hula a kan labarin. Jimlar buɗewa ita ce attaque, ta rufewa kuma chute. Ƙananan kanun da ake sakawa a tsakiyar dogon rubutu, intertitres, wurin shan iska ne ga ido. Wanda ya gaji zai iya tsallakawa zuwa sashen da ya dame shi maimakon ya ajiye rubutun gaba ɗaya.

Inda marubucin Hausa ya fi shan wahala shi ne al'ada. Mun saba da gaisuwa kafin magana, kuma tatsuniya daga "ga ta nan, ga ta nanku" har zuwa "ƙurunƙus" tana ɓoye sakamako ne sai ƙarshe. A dandali wannan ya yi daidai, domin yara na zaune ba inda za su. Mai karanta labari ba haka yake ba. Shi ya sa rahoton da ya fara da jerin sarautu da muƙaman waɗanda suka halarci taro, sannan a layi na goma sha biyu a ce an ƙara kuɗin taki, ya cuci manomi. A ganina wannan ba ladabi ba ne ga manyan baƙi, rashin ladabi ne ga wanda aka rubuta labarin dominsa.

Tsarin na da rauninsa. Tun da an ba da komai a sama, babu abin da ke jan mutum zuwa ƙasa, kuma rubutun kan mutu a hankali ba tare da chute ta kirki ba. Don haka ba a amfani da shi a dogon rahoto na musamman ko tarihin rayuwar mutum. Jaridar Wall Street Journal ta yi suna da wani salo dabam: a fara da mutum ɗaya da halin da yake ciki, kamar mai sayar da albasa da kayanta ke ruɓewa a kan iyaka, sannan kafin sakin layi na huɗu a faɗa wa mai karatu a fili dalilin da ya sa labarinta ya shafi dubban ƴan kasuwa irinta. Daga nan alƙaluma da bakin masana su shigo. Amma in labari na gaggawa ne, kamar rufe iyaka, sauyin farashi ko ɓarkewar cuta, dala a kife ake komawa.