Baƙin Ƙuri'a a Zaɓen Fid da Gwani: Wa Ke Yin Zagon Ƙasa a Siyasar Amurka?

A shekarar 1966 jam'iyyar Rifablikan ta jihar Jojiya ta hango kujerar gwamna, wadda ta shafe kusan shekara ɗari ba ta hau ba. Ɗan takararta, Howard Callaway, ya sami tikiti ba tare da zaɓen fid da gwani ba, don haka magoya bayanta hannunsu sake yake ranar da 'yan Dimokurat ke fid da nasu. Jojiya kuwa ba ta yi wa masu zaɓe rajista da sunan jam'iyya, kowa na iya karɓar takardar ƙuri'ar da ya ga dama. A zagaye na biyu an kara tsakanin Ellis Arnall, tsohon gwamna mai sassaucin ra'ayi, da Lester Maddox, wanda ya gwammace ya rabu da gidan abincinsa na Atlanta a kan ya sayar wa baƙar fata abinci. Labarin da ya yaɗu tun lokacin shi ne 'yan Rifablikan da dama sun tsallaka sun zaɓi Maddox, bisa lissafin cewa shi ne zai fi sauƙin kayarwa. Maddox ya ci. A babban zaɓe magoya bayan Arnall suka riƙa rubuta sunansa da hannu a takardar ƙuri'a, Callaway ya zo na ɗaya amma bai haura rabi ba, tsarin mulkin jihar ya miƙa hukunci ga majalisar dokoki, wadda 'yan Dimokurat suka cika. A watan Janairu 1967 majalisar ta ba Maddox kujerar. Hausawa sun ce in za ka gina ramin mugunta, gina shi gajere.

Irin wannan labari ne ya sa jam'iyyun Amurka ke tsoron baƙin ƙuri'a, suke ta neman dokokin toshe ƙofa. Ra'ayina shi ne tsoron ya sauka a inda bai dace ba. Talakan da ke tsallakawa ya yi zaɓe a jam'iyyar da ba tasa ba, da wuya ɓarna ce ta kai shi. Zagon ƙasan da ke tasiri a yau daga manyan 'yan siyasa yake fitowa, da kuɗi ake yin sa, kuma babu dokar rufe ƙofa da ke taɓa shi.

Sai an fahimci tsarin kafin a bi hujjar. A Amurka gwamnatin jiha ce ke gudanar da mafi yawan zaɓukan fid da gwani da kuɗin haraji, kowace jiha kuma da dokarta. A wasu jihohi, kamar New York da Pennsylvania, ba ka zaɓe sai a jam'iyyar da ka yi rajista da ita. A wasu, kamar Wisconsin da Michigan da Jojiya, ranar zaɓe kake zaɓar layin da za ka bi. Akwai kuma masu tsaka-tsaki, da ke barin 'yan ba-ruwanmu su shiga amma su hana 'yan wata jam'iyya.

Masana kimiyyar siyasa sun kasa masu tsallakawa gida uku. Na farko ya tsallaka ne don ɗan takarar can ya fi kwanta masa a rai, kuma shi zai sake zaɓa a babban zaɓe. Na biyu ya san jam'iyyarsa ba za ta kai labari a yankinsa ba, ko kuma ba ta da hamayya a cikin gida, sai ya je ya zaɓi mai dama-dama daga ɗaya ɓangaren, don ko an kayar da nasa ya sami wanda zai iya zama da shi. Na uku shi ne ɗan zagon ƙasa, mai zaɓar mafi rauni don a kayar da shi gobe. Wuri mafi kyau da aka gwada wannan rabo shi ne Kalifoniya, inda masu zaɓe suka amince a 1996 da tsarin da ya jera 'yan takarar dukan jam'iyyu a takarda ɗaya, aka fara aiki da shi a 1998. Littafin da Bruce Cain da Elisabeth Gerber suka tattara a 2002 a kan wannan gwaji ya nuna cewa an tsallaka sosai, amma 'yan gida na uku kaɗan ne ƙwarai.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Zagon ƙasa da ƙuri'a aiki ne mai wuyar sha'ani. Dole mutum ya haƙura da tasa jam'iyyar a ranar, har da zaɓen ƙananan kujerun da suka shafi unguwarsa. Dole ya san wane ne mai rauni na gaske, abin da ƙwararrun masu hasashe kansu ke kuskurewa. Dole dubban mutane irinsa su dace a kan mutum ɗaya, in ba haka ba ƙuri'unsu su cinye juna. In kuwa aka yi shela don a haɗa kansu, 'yan gida za su ji, su fito da yawa. Bayan duk wannan, akwai nauyin zuciya: mutane da yawa ba sa iya dangwala wa wanda suka tsana, ko da an ce musu dabara ce.

Gwaji mafi shahara shi ne na Rush Limbaugh, mai shirin rediyo da miliyoyin masu ra'ayin riƙau suke saurare a wancan lokacin. A 2008, bayan da ta tabbata John McCain ne zai riƙe tutar Rifablikan, ya yi ta kira ga masu sauraronsa su zaɓi Hillary Clinton don a ja rikicinta da Barack Obama ya yi tsawo. Ya sa wa shirin suna Operation Chaos. A Indiyana, ranar 6 ga Mayu, Clinton ta ci da ratar da ba ta kai kashi biyu cikin ɗari ba, kuma mutanen Obama da kansu suka ɗora wa Limbaugh alhaki. Ko da an yarda da hakan, me ya biyo baya? Obama ya sami tikiti a watan Yuni. Doguwar fafatawar ta sa 'yan Dimokurat sun yi wa sababbin masu zaɓe rajista, sun buɗe ofisoshi a jihohin da da ba su kula da su ba. A watan Nuwamba Obama ya ci Indiyana, jihar da rabon ɗan Dimokurat da ita tun 1964. Masu ra'ayin sassauci ma sun gwada tasu a Michigan a 2012, inda suka yi kira a zaɓi Rick Santorum don a gurgunta Mitt Romney. Romney ne ya ci jihar.

Inda baƙin ƙuri'a suka sauya sakamako a fili, akasari 'yan gida na biyu ne. A Misisipi a 2014, Sanata Thad Cochran ya zo bayan Chris McDaniel a zagayen farko na zaɓen fid da gwanin Rifablikan. Sai ya nemi taimakon baƙar fata, waɗanda galibinsu 'yan Dimokurat ne, ya tuna musu da kuɗin tarayya da ya jawo wa makarantu da asibitocin jihar. Ya ci zagaye na biyu da ƙuri'a dubu bakwai da ɗoriya. McDaniel ya ce sata aka yi masa. Amma a duba da kyau: waɗannan mutane sun taimaki wanda ya fi wuyar kayarwa a Nuwamba, wato sun rage wa tasu jam'iyyar dama. Sun san a Misisipi wanda ya sami tikitin Rifablikan shi ne sanata, sai suka je inda ake yanke hukuncin gaske. Ban ga yadda za a kira wannan ɓarna ba. Ɗan ƙasa ne ke neman ya sa baki a kan wanda zai wakilce shi.

Jam'iyyu na da hujjarsu, kuma ba ta wasa ba ce. Jam'iyya ƙungiya ce, zaɓen wanda zai riƙe tutarta shi ne aikinta mafi girma. Da wannan hujja Kotun Ƙoli ta rushe tsarin Kalifoniya a 2000, alƙalai bakwai a kan biyu. Mai shari'a Antonin Scalia, wanda ya rubuta hukuncin, ya nuna cewa baƙi ko kaɗan ne suna iya yanke sakamako in takara ta yi kankankan, kuma ko ba su yanke ba, 'yan takara za su sauya kalamansu don su jawo su. Wannan gaskiya ne. Tun a 1973 kotun ta amince wa New York ta tilasta sauya jam'iyya watanni takwas zuwa goma sha ɗaya kafin zaɓe, amma a shekarar ta soke dokar Illinois mai ɗaure mutum wata 23. Tambayar ita ce wa ke biyan kuɗin wannan kariya. A New York, wanda ke son sauya jam'iyya don zaɓen Afrilu 2016 dole ya yi hakan tun farkon Oktoba 2015, kafin a san yadda takarar za ta kaya. A Wyoming, Liz Cheney ta roƙi 'yan Dimokurat su tsallako zaɓen fid da gwanin Rifablikan su zaɓe ta a 2022, wasu suka amsa, duk da haka Harriet Hageman ta kayar da ita da ratar da ta haura kashi 35 cikin ɗari. Majalisar jihar ba ta fasa kafa dokar taƙaita sauya jam'iyya a 2023 ba. An toshe ƙofar da ba ta sauya komai ba, aka bar marasa rinjaye ba su da ta cewa a zaɓen da a zahiri shi ke naɗa masu mulkinsu.

Wannan fargaba ba baƙuwa ba ce a Nijeriya. A Disamba 2021, lokacin da Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙi sa hannu a kan ƙudirin da zai tilasta wa jam'iyyu yin 'yar tinƙe, cikin dalilansa akwai rashin ingantacciyar rajistar 'yan jam'iyya, da yiwuwar abokan hamayya su tara mutane su kayar da ɗan takara mai farin jini. Dokar zaɓe ta 2022 ta bar wa jam'iyyu zaɓi tsakanin 'yar tinƙe da daliget da sasanci. Sai dai duk wanda ya san yadda ake cinikin daliget ya san cewa ƙananan taro sun fi sauƙin saye.

Hakan ya kawo mu ga inda ɓarnar take. A 2002 Gwamna Gray Davis na Kalifoniya, ɗan Dimokurat, ya kashe kusan dala miliyan 10 wajen sukar Richard Riordan a zaɓen fid da gwanin Rifablikan, har Bill Simon ya sami tikiti, Davis ya kayar da shi. A 2012 Sanata Claire McCaskill ta Missouri, 'yar Dimokurat, ta kashe kimanin dala miliyan 1.7 a tallace-tallacen da suka siffanta Todd Akin da cewa ra'ayin riƙaunsa ya yi yawa. A ido suka ce, amma a kunnen 'yan Rifablikan yabo ce, kuma ta san da haka. Ita da kanta ta bayyana dabarar a littafinta na 2015. Akin ya sami tikiti, ya yi katoɓara a kan fyaɗe, ta kayar da shi. Ba a buƙaci baƙo ko ɗaya ya tsallaka ba. 'Yan gida aka juya da kuɗi, kuma dabarar na aiki ko ƙofa a buɗe take ko a rufe.

A 2022 abin ya zama tsari. 'Yan Dimokurat sun yi haka da Doug Mastriano a Pennsylvania, da Darren Bailey a Illinois, da Dan Cox a Maryland, da Don Bolduc a New Hampshire. Dukansu sun faɗi a Nuwamba, masu dabarar suka ce lissafinsu ya fita. Wanda ya fi damuna shi ne na Michigan. Peter Meijer na cikin 'yan Rifablikan goma da suka kaɗa ƙuri'ar tsige Donald Trump bayan harin da aka kai wa majalisar dokokin ƙasar ranar 6 ga Janairu 2021, ya san kuma kujerarsa ya sa a caca. Kwamitin yaƙin neman zaɓen 'yan Dimokurat na Majalisar Wakilai ya kashe fiye da dala 400,000 wajen ɗaga John Gibbs, mai musanta sakamakon zaɓen 2020. Gibbs ya kayar da Meijer, Hillary Scholten ta Dimokurat ta kayar da Gibbs. An sami kujera ɗaya, amma kowane ɗan majalisa mai tunanin saɓa wa jam'iyyarsa don gaskiya ya ga abin da zai tarar daga ɓangarorin biyu. Jam'iyyar da ke cewa mutum haɗari ne ga dimokuraɗiyya, sannan ta kashe kuɗi ta matso da shi kusa da mulki, ta raunana maganarta da hannunta. Kuma cacar da dukiyar jama'a ake yin ta: in lissafi ya kuskure, mutanen jihar ne za su zauna ƙarƙashin wanda aka ɗaga, shekara huɗu ko shida.

Doka ba ta da dogon hannu a nan, domin tallan siyasa na ƙarƙashin kariyar 'yancin faɗin albarkacin baki, kuma an tsara shi da siffar suka. Masu neman gyara sun sa rai ga tsarin da ke haɗa kowa a zaɓe ɗaya, biyun farko su wuce, kamar yadda jihar Washington ke yi, Kalifoniya ma ta karɓa a 2010. Tsarin ya kawar da batun baƙo da ɗan gida, tunda takardar kowa ɗaya ce. Masu kuɗi kuwa sun sami hanyarsu a cikinsa. A zaɓen sanata na Kalifoniya a Maris 2024, Adam Schiff na Dimokurat ya zuba miliyoyin daloli a tallace-tallacen da suka fito da Steve Garvey na Rifablikan, don kada ya kara da 'yar jam'iyyarsa Katie Porter a Nuwamba. Garvey ya zo na biyu, Porter ta fita daga takara, Schiff ya ci babban zaɓe cikin sauƙi.