DALLA-DALLA: Kuɗin shago, kuɗin rumfa da kuɗin tasha: wa doka ta ba ikon karɓa, kuma ina lissafinsu yake shiga?

Ƙananan hukumomi 774 na Najeriya suna samun kuɗi ta hanyoyi biyu. Akwai kason da ke fitowa daga Asusun Tarayya duk wata, akwai kuma abin da suke tarawa da kansu daga hannun mai shago, mahauci, direba da mai amalanke. Na farkon ana iya sanin adadinsa, domin ana wallafa shi. Na biyun kuwa, wanda talaka ke zarowa daga aljihunsa da hannunsa, shi ne ya fi kowane kuɗin gwamnati ƙarancin bayani. Da wuya a sami ƙaramar hukumar da za ta nuna wa jama'a abin da ta tara a kasuwar garinta a cikin wata guda.

Abin da doka ta tanada

Jadawali na huɗu na Kundin Tsarin Mulki na 1999 shi ne ya zayyana ayyukan ƙananan hukumomi. A cikinsu akwai kafa kasuwanni, tashoshin mota, mayanka da banɗakunan jama'a tare da kula da su; ba da lasisin kekuna, kwale-kwale, baro da amalanke; da sa ido a kan shaguna, gidajen abinci, gidajen burodi, wuraren wanki da guga da allunan talla. Daga waɗannan ayyuka ne ikon karɓar kuɗin ya samo asali, wato asalinsa ladan hidima ne: a share kasuwa, a kwashe shara, a gyara magudanar ruwa, sannan a karɓi kuɗin rumfa.

A 1998, gwamnatin soja ta fitar da Doka ta 21, wadda ta rarraba haraji tsakanin matakan gwamnati uku don rage yawan biyan haraji biyu a kan abu ɗaya. Ta ware wa ƙananan hukumomi nau'o'i 20, ciki har da kuɗin shago da kes, harajin gidaje, kuɗin mayanka, kuɗin tasha, kuɗin allon talla, kuɗin rufe hanya don biki, lasisin rediyo da talabijin, da jangali. Rajistar wurin kasuwanci kuwa ta jiha ce, kuma dokar ta asali ta ƙayyade ta: a birni ba za ta wuce Naira 10,000 ba, da Naira 5,000 na sabuntawa duk shekara, a karkara Naira 2,000, da Naira 1,000 na sabuntawa.

A nan ruɗani yake farawa. Tela mai shago ɗaya zai yi rajistar sunan sana'arsa a hukumar CAC ta tarayya, ya biya jiha kuɗin wurin kasuwanci da harajin abin da yake samu, ya biya ƙaramar hukuma kuɗin shago, idan ya kafa allo a ƙofa kuma a nemi kuɗin talla. Duka suna da madogara a doka, amma a idon wanda ke biya shago ɗaya ne ake caja sau huɗu ko biyar.

Akwai kuma wata togaciya mai nauyi. Dokar ta cire duk kasuwar da jiha ta zuba kuɗinta a ciki daga hannun ƙaramar hukuma. A Kano, manyan kasuwanni irin su Kantin Kwari da Sabon Gari suna ƙarƙashin shugabannin da gwamnatin jiha ke naɗawa. Ƙaramar hukumar da babbar kasuwa take a ƙasarta tana iya ɗaukar nauyin cunkoso da shara, alhali kuɗin rumfunan yana tafiya wani wuri.

Dokar ta haramta wa kowa karɓar haraji in ba hukumar da ke da alhakinsa ba, ta kuma haramta kafa shinge a hanya don karɓar haraji, ko da da rakiyar 'yan sanda ne. Hukuncin da ta tanada shi ne tarar Naira 50,000 ko ɗaurin shekara uku, ko duka biyun. Duk wanda ya taɓa ɗauko shanu ko tumatir daga Arewa zuwa Kudu ya san matsayin wannan haramci a kan titi.

Ita kanta dokar ta sha girgiza. A 2020, Kotun Ɗaukaka Ƙara, a shari'ar da ƙaramar hukumar Uyo ta kai gwamnatin Akwa Ibom kan kuɗin tasha, ta ce dokar ba ta da inganci, saboda ta buɗe da kalaman da suka fifita ta a kan Kundin Tsarin Mulki. Saboda haka dokar harajin kowace jiha, da dokokin da majalisun kansiloli ke yi, su ne ɗan kasuwa ya kamata ya fara nema kafin ya biya.

Yadda aka zo nan

A zamanin En'e, daga wajajen 1911 da aka fara kafa baitulmali a masarautun Arewa, haraji da jangali su ne ginshiƙin kuɗin hukuma. An yi zalunci mai yawa wajen karɓarsu, abin da ya sa gwamnonin jam'iyyar PRP, Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna, suka soke su bayan hawansu mulki a 1979. Sai dai tsarin yana da lissafi: akwai ƙidayar masu biya, akwai takardar shaida, akwai kiyasin kuɗi na shekara. Bayan garambawul ɗin 1976, da shigowar kuɗin man fetur, ƙananan hukumomi suka koma dogaro da kason tarayya. A yau suna da kashi 20.60 cikin ɗari na Asusun Tarayya, da kashi 35 na harajin VAT.

Sakamakon haka ya zo ta fuska biyu. Tunda albashi da ayyuka ba daga kasuwa suke fitowa ba, shugaban ƙaramar hukuma ba shi da buƙatar faranta ran 'yan kasuwa. Kuma tunda abin da ake tarawa a gida kaɗan ne idan aka kwatanta da kason, ba a matsa wa lissafinsa ba. A wurare da dama akan ba wani ɗan kwangila ko na hannun daman ɗan siyasa kasuwa ko tasha, a yanka masa abin da zai kawo a mako, abin da ya haura nasa ne. Rasidin da ba shi da lamba, ko wanda aka buga a ɓoye, ba ya barin sawu a littafin ma'aji. Mai shago ya biya, amma a takarda ba a karɓi komai ba.

Kuɗin sama da ake gani

Tun 2004, lokacin da Ngozi Okonjo-Iweala take ministar kuɗi, aka fara buga kason kowace jiha da ƙaramar hukuma a jaridu, kuma Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa tana fitar da alƙaluman rabon. Matsalar ita ce kuɗin yana ratsawa ta asusun haɗin gwiwa na jiha da ƙananan hukumomi, wanda sashe na 162 na Kundin Tsarin Mulki ya kafa, inda gwamnoni ke yanke abin da suka ga dama. A 2019 hukumar NFIU ta hana cire tsabar kuɗi fiye da Naira 500,000 a rana daga asusun ƙaramar hukuma, gwamnoni suka garzaya kotu.

A ranar 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli, a ƙarar da Antoni Janar Lateef Fagbemi ya shigar a kan jihohi 36, ta yanke cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, kuma kantomomin riƙo ba su da hurumi a doka. Mai Shari'a Emmanuel Agim ne ya karanta babban hukuncin. Aiwatarwa ta yi tafiyar hawainiya. Anambra ta yi doka a wannan shekarar wadda ta wajabta wa ƙananan hukumominta zuba wani kaso a asusun da jiha ke kula da shi, kuma shekara guda bayan hukuncin ƙungiyar ma'aikatan ƙananan hukumomi, NULGE, tana ta kukan cewa ba a soma biya kai tsaye ba.

Ko da an aiwatar da shi gaba ɗaya, hukuncin ya tsaya ne a kan kuɗin da ke saukowa daga Abuja. Bai ce komai ba game da kuɗin da ake karɓa a bakin rumfa, bai kuma tilasta wa wani shugaba manna kasafinsa a allon sakatariya ba.

Gyaran da aka gwada

Kaduna ta ɗauki hanya mai tsauri. Dokar harajinta ta 2016 ta tattara dukkan haraji a kundi ɗaya, ta haramta karɓar tsabar kuɗi, ta kuma mayar da hukumar harajin jiha ita kaɗai ce mai karɓa, har da na ƙananan hukumomi 23. Biya ta banki yana barin shaida, wannan ci gaba ne. Amma ya haifar da sabuwar tambaya: nawa jiha ta karɓa a madadin kowace ƙaramar hukuma, nawa kuma ta mayar mata? Muddin ba a wallafa wannan ba, an rufe ƙaramar ɓaraka ne an bar babba. Shirin SFTAS da Bankin Duniya ya tallafa wa daga 2018 ya sa jihohi wallafa kasafinsu da rahoton binciken kuɗinsu a intanet, sai dai jihohi ya fi shafa. Rahotannin manyan masu binciken kuɗin ƙananan hukumomi, inda suke fitowa, sukan zo a makare, kuma kuɗin shiga na cikin gida yakan bayyana a dunƙule, ba tare da an rarrabe na kasuwa da na tasha ba.

Sababbin dokokin haraji huɗu da Shugaba Bola Tinubu ya sa wa hannu a watan Yunin 2025 sun kafa ofishin sauraron koken masu biyan haraji. Kwamitin da Taiwo Oyedele ya jagoranta ya ce harajin da ake karɓa a hukumance a ƙasar ya haura nau'i 60, kuma burinsa shi ne a rage su zuwa ƙasa da goma. Kuɗin rumfa da na tasha kuwa suna ƙarƙashin dokokin jihohi, don haka sai majalisun jihohi sun motsa kafin canjin ya isa kasuwar ƙauye.

Akwai makamin da 'yan kasuwa ba su cika ɗauka ba. Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba kowa damar neman takardun hukuma a rubuce, ba sai ya faɗi dalili ba, kuma wajibi ne a amsa cikin kwana bakwai. Jihohi da yawa sun daɗe suna cewa dokar ta tarayya ce kawai, har sai da Kotun Ƙoli, a wata shari'a daga jihar Edo a watan Afrilun 2025, ta ce ta shafi dukkan matakan gwamnati. Ƙungiyar 'yan kasuwa tana iya rubuta wa ƙaramar hukumarta ta nemi jadawalin kuɗin da aka amince da shi, sunan wanda aka ba aikin karɓa, da adadin da ya shiga asusu daga kasuwarsu a shekarar da ta gabata. Idan aka ƙi amsawa, dokar ta ba ta kwana 30 ta kai ƙara kotu.