Ƙalubalen da ke Fuskantar Maganin Cututtukan Zuciya

Cututtukan zuciya da na jijiyoyin jini su ne kan gaba wajen kashe mutane a duniya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa sun ci rayuka kusan miliyan 17.9 a shekarar 2019, kuma fiye da kashi uku cikin huɗu na mamatan a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita suke.

Babbar matsalar ita ce hawan jini, domin ba ya sallama kafin ya yi ɓarna. Mutum na harkokinsa garau, sai dai a wayi gari ɓarin jikinsa ya shanye. Wanda aka gano ma, shan magani kullum har ƙarshen rayuwa kan gagari aljihunsa, sai ya daina da zarar ya ji sauƙi.

A arewacin Najeriya akwai ciwon zuciyar da ke kama mata daf da haihuwa ko bayanta. Mai jego kan kumbura ƙafafu, numfashi ya gagare ta in ta kwanta. Binciken da aka yi a Zariya a shekarun 1970 ya danganta shi da kunun kanwa da kwanciya a kan gadon wuta, binciken baya kuma ya duba ƙarancin sinadarin seleniyum a jiki.

Abin takaici, ciwon maƙogwaron yara da allurar fenisilin ke warkarwa har yanzu yana lalata ƙofofin zuciya. Gyaransu sai tiyata mai tsada, ga likitocin zuciya kaɗan, yawancinsu a manyan asibitocin birane suke.