Da Ruwan Ciki Ake Jan Na Rijiya: Ma'aikatan Aikin Ruwan Kadawa

A duk lokacin da ake ba da tarihin noman rani a Kura, Bunkure da Garun Malam, da madatsar ruwa ta Tiga ake farawa. An gina ta tsakanin 1971 da 1974, a zamanin gwamna Audu Bako, aka jawo ruwa ta babban kanal ya bi ta Ruwan Kanya, ya gangara gonaki ba tare da injin turawa ba. A 1976 gwamnatin tarayya ta kafa hukumomin raya koguna, aikin ya koma hannun Hukumar Kogunan Haɗeja da Jama'are. Kashin farko an tsara shi ne a kan hekta kusan 22,000.

Wannan tarihin siminti ne. Wanda ba mu cika bayarwa ba shi ne na mutanen da ke tafiyar da aikin: mai buɗe ƙofar ruwa da asuba, mai yashe kanal, direban tarakta, malamin gona, da 'yan ƙwadagon da ke tsinkar amfani. Idan muka bi sawunsu, za mu ga duk lokacin da aka mai da ma'aikaci abin tsimi, gonar ce ta biya bashin.

A 1977 wani kamfanin Turai mai suna BUD yana noman kayan lambu irin su koren wake a filin aikin, yana kai su kasuwannin Turai. Matan ƙauyukan yankin ne ke yi masa tsinka. A wannan shekara suka ajiye aiki saboda ƙarancin lada, kuma wata mai bincike, Cecile Jackson, ta rubuta labarin yajin a 1978. Waɗannan mata ba su da ƙungiyar ƙwadago, ba su da sakatare ko ofis. Amma ba baƙin aikatau ba ne. A ƙauye mai gona ya san wanda ya ɗauka, ana yin ciniki baki da baki, a kai wa ma'aikaci fura da rana, kuma wanda ya yi suna da ƙwaron lada ba ya samun hannu ranar girbi. Sun kuma san abin da kowane mai lambu ya sani, cewa ɗanyen kaya ba ya jiran a gama gardama. Kamfani yana da fili da ruwa da kasuwa, amma rabon kayansa su isa Turai da kyau yana hannun wadda aka fi rainawa a lissafi.

Bayan shekara goma sai abin ya zo kan ma'aikatan gwamnati. Tsarin tsuke bakin aljihu na SAP ya fara a 1986, a mulkin Janar Babangida. Doka ta 35 ta 1987 ta raba hukumomin koguna da harkar noma, ta bar su da kula da ruwa kaɗai. Daga baya aka sayar da kadarorinsu da ba na ruwa ba, aka rage ma'aikata, kuɗin gyara ya ja baya, darajar Naira ta faɗi ta cinye albashin waɗanda suka rage. Abin mamaki, a 1987 ɗin ne aka hana shigo da alkama daga waje, aka zuba wa wurare irin Kadawa ido su cike giɓin. An ƙara wa jaki kaya, an rage masa harawa.

Yadda irin wannan ke lalata aikin ban ruwa ba boyayye ba ne. Ruwan kanal rabo ake yi, sashe bayan sashe. Idan mutum ɗaya ya gaji aikin mutum uku, ba babur, ba alawus, to ƙofar da ya kamata a rufe da yamma za ta kwana a buɗe. Na kusa da bakin kanal ya sha har gonarsa ta jiƙe fiye da kima, na can ƙarshe ya ga tumatirinsa yana yaushi. Wanda aka hana ruwa ya ƙi biyan kuɗin ruwa, ko ya fasa gefen kanal da dare. Kuɗin shiga ya ragu, yashi da kacalla su toshe hanya. Haka kuma tsohon ma'aikacin da aka sallama yakan tafi da sanin da ba a rubuta a ko'ina ba: inda kanal ke yoyo, da wanda za a yi wa magana a kowane ƙauye kafin rigima ta tashi.

A 2014 Bankin Duniya ya amince da shirin TRIMING, na kusan dala miliyan 495, don farfaɗo da manyan ayyukan ban ruwa na Arewa, ciki har da na Kogin Kano da Bakolori. Baya ga gyaran kanal, shirin ya jingina da ƙungiyoyin masu amfani da ruwa, su tara kuɗi, su kula da ƙananan magudanu da kansu. Tunani ne mai kyau, domin mai abu ya fi kowa tsaron abinsa. Sai dai yanzu ƙungiyoyin nan su ne iyayen gida, kuma tambayar da ta fuskanci BUD da hukuma ta dawo kansu: wa zai buɗe ƙofa, nawa za a ba shi, yaushe, kuma wa zai saurare shi idan ya ce ga matsala?

Mu da ke sana'ar rubuta manhaja mun saba jin cewa na'urar auna ruwa da wayar hannu za su magance komai. Za su taimaka, amma na'ura ba ta shiga kanal da shebur. Kwandunan tumatir da muke gani a Kwanar Gafan da buhunan shinkafar Kura sun ratso ta hannaye da yawa kafin su iso titi. In muna son su ci gaba da isowa, sai a biya masu waɗannan hannaye a kan kari, a koya musu aiki, a kuma ji ta bakinsu tun kafin su ajiye kwando.