Kakar 1905: Yadda aka haifi kofunan zari-ruga na Lancashire da Yorkshire

A watan Disamban 1905, ƙungiyoyin Wigan da Leigh suka haɗu a filin Wheater's Field da ke Broughton, a gefen birnin Manchester, domin wasan ƙarshe na wani sabon kofi. Garuruwan biyu maƙwabtan juna ne, kuma yawancin waɗanda suka cika filin ma'aikatan ramukan kwal ne da na masaƙun auduga. Aka yi ta gwabzawa har alƙalin wasa ya busa tashi, babu wanda ya ci ko maki ɗaya. Da aka sake karawa bayan 'yan kwanaki a wannan fili, Wigan ta yi nasara da ci 8 da nema, ta zama ta farko da ta ɗaga Kofin Lancashire. A wannan watan kuma, can ƙetaren tsaunukan Pennines, Hunslet ta doke Halifax da ci 13 da 3 a filin Park Avenue na Bradford, ta tafi da Kofin Yorkshire na farko.

Tushen waɗannan kofuna ya girmi 1905 da kusan shekara 30. Tun kakar 1877 zuwa 1878 gundumar Yorkshire ta ƙirƙiro gasar sili ɗaya ƙwale ta ƙwallon zari-ruga, Halifax ce ta fara lashe ta. Gasar ta sauya fuskar wasan baki ɗaya. Abin da a da yake nishaɗin 'ya'yan masu hali da suka fito daga manyan makarantu ya koma sha'anin gari da gari, unguwa da unguwa. Masaƙa da maƙera da masu haƙar kwal suka shigo fili, dubban mutane suka fara biyan kuɗin ƙofa don su ga garinsu ya kayar da na kusa da shi.

Shigowar talakawa ce ta kawo rikici. A lokacin ana aiki har ranar Asabar, don haka duk ma'aikacin da zai buga wasa sai ya bar aiki, a yanke masa ladan yinin. Ƙungiyoyin arewacin Ingila suka nemi a ba su izinin mayar wa ɗan wasa abin da ya rasa. Hukumar zari-ruga ta ƙasa, wadda masu kuɗin kudu suka fi rinjaye a cikinta, ta ƙi amincewa a taron da aka yi a Landan a 1893. Ranar 29 ga Agusta, 1895, wakilan ƙungiyoyin arewa suka zauna a otal ɗin George da ke Huddersfield suka yanke shawarar ɓallewa. Ƙungiyoyi 22 ne suka fara sabuwar tafiyar da sunan Northern Union, suka amince a biya ɗan wasa har sule shida a madadin yinin da ya rasa. Wannan hukuma ce a 1922 ta koma Rugby Football League.

Ɓallewar ta zo da nata hasarar. Tsohon kofin Yorkshire ya zauna a hannun tsohuwar hukuma. Sabuwar ta kafa nata babban kofin, Challenge Cup, wanda Batley ta fara ci a 1897 bayan ta doke St Helens da 10 da 3, amma wannan na kowa da kowa ne, kuma a ƙarshen kaka ake yin sa. Farkon kaka babu wani abin da zai ja 'yan kallo.

Ga kuma ƙwallon ƙafa tana cin kasuwa. Manningham, wadda ita ce zakarar farko ta Northern Union, ta watsar da zari-ruga a 1903 ta zama Bradford City. Holbeck ta rushe a 1904, filinta na Elland Road ya koma hannun sabuwar ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta Leeds City. Ƙananan ƙungiyoyi na kuka da kuɗin jirgin ƙasa zuwa garuruwa masu nisa, inda ba a tara jama'ar da za ta mayar da abin da aka kashe. Shugabanni suka gane cewa abin da ke cika fili shi ne karawa da maƙwabci. A kan haka ne a 1905 suka haɗe rukunai biyu na gasar lig wuri guda, suka bar ƙungiyoyi su fi buga wasa da na gundumarsu, sannan suka kafa kofi ɗaya ga kowace gunduma, a fara shi da kaka, a gama kafin sanyi ya yi tsanani.

Kakar farkon tana da abin da ya bambanta ta da duk waɗanda suka biyo baya: ita kaɗai aka buga da 'yan wasa 15 a kowane ɓangare. A 1906 aka rage su zuwa 13, aka kuma kawo dokar da ta ce wanda aka kayar ya miƙe ya tura ƙwallo da ƙafa, maimakon a taru a kansa ana kokawa. Wasan ya ƙara sauri, fili ya buɗe wa masu gudu. Leigh kuwa, duk da ta rasa kofi a hannun Wigan, ita ce ta ƙare kakar a matsayin zakarar lig.

Cikin shekara biyu kofunan suka samu darajar da ba a zata ba. Da aka ƙara gasar lig ta kowace gunduma, sai ya zama ƙungiya na iya neman kofuna huɗu a kaka ɗaya, kuma na gunduma shi ne matakin farko. Hunslet, ƙungiyar wata unguwar masana'antu a kudancin Leeds, ita ta fara haɗa su duka a kakar 1907 zuwa 1908, ƙarƙashin jagorancin Albert Goldthorpe. Ta buɗe da lallasa Halifax 17 da nema a Headingley, ta ci lig ɗin Yorkshire, ta doke Hull 14 da nema a Challenge Cup, sannan ta kayar da Oldham 12 da 2 a karawa ta biyu ta gasar zakaru, bayan an yi kunnen doki 7 da 7 a ta farko. Ƙungiyoyi biyu ne kawai suka sake yin haka: Huddersfield ta Harold Wagstaff a kakar 1914 zuwa 1915, wadda ta ragargaji Hull 31 da nema a wasan ƙarshe na Yorkshire, da Swinton a kakar 1927 zuwa 1928.

Yaƙin Duniya na Ɗaya ya tsayar da gasannin biyu na wasu shekaru. A na biyu, Kofin Lancashire ne ya tsaya, sai aka gayyaci irin su Wigan da Oldham su shiga na Yorkshire. Da zaman lafiya ya dawo, Wigan ta ɗauki kofin gundumarta sau shida a jere, daga 1946 zuwa 1951, St Helens kuma ta yi biyar a jere daga 1960 zuwa 1964. Amma daɗin gasar shi ne ƙaramin gari ma yana da rabo. Workington Town, daga can gaɓar tekun arewa maso yamma, ta doke Wigan 16 da 13 a 1977. Barrow, garin masu ƙera jiragen ruwa, ta ba Widnes mamaki da ci 12 da 8 a 1983.

Ƙarshen ya zo a watan Oktoban 1992. Wigan, wadda a lokacin take da Martin Offiah, ɗan asalin Najeriya da ta saya daga Widnes a kan fam 440,000, ta sha da ƙyar a hannun St Helens da ci 5 da 4 a Knowsley Road, a wasan da ba a dire ƙwallo a bayan layi ko sau ɗaya ba. A wasan ƙarshe na Yorkshire kuma, Wakefield Trinity ta doke Sheffield Eagles 29 da 16 a Elland Road, filin nan da zari-ruga ta rasa a 1904. A 1993 hukuma ta soke kofunan biyu, bisa dalilin cewa wasanni sun yi wa manyan ƙungiyoyi yawa. Wigan ta tashi da Kofin Lancashire 21, Leeds da na Yorkshire 17.

Ƙananan ƙungiyoyi ne suka fi jin zafin sokewar, domin sun rasa kuɗin ƙofar da zuwan babban maƙwabci ke kawo musu, sun kuma rasa hanya mafi kusa ta kaiwa wasan ƙarshe. A 1996 aka ƙaddamar da Super League, aka mayar da wasan lokacin zafi, tazara tsakanin manya da ƙanana ta ƙara faɗi. A 2019 aka kafa wata gasar sili ɗaya ƙwale domin ƙungiyoyin da ba sa cikin Super League, aka kai wasanta na ƙarshe Wembley, inda Sheffield Eagles ta doke Widnes da ci 36 da 18.