Zare: Yadda takardar fili ta tsaya tsakanin mata da bashin banki

1/ Da an ce mata 'yan kasuwa ba sa samun bashin banki, sai ka ji ana cewa ai tsoro suke ji, ko boko ne babu. Ni dai a ganina babbar matsalar jingina ce, kuma tana da tarihi. Ku biyo ni 🧵

2/ A 1978 gwamnatin soja ta Obasanjo ta kafa dokar amfani da ƙasa. Filayen jiha suka koma hannun gwamna, kai kuma takardar C of O kake riƙewa. Ko jinginar da filin za ka yi sai gwamna ya amince. Bankuna suka riƙe wannan takarda gam.

3/ To mata nawa ke da ita? Dubi dukiyar iyayenmu mata: gwal, awaki, keken ɗinki, injin markaɗe, kuɗin adashi. Ko a gado, addini ya ba mace kasonta, amma sau da yawa sai a yi wa gidan kuɗi a biya ta nata. Kuɗin ya narke a jari da hidimar yara, takarda kuma tana ɗauke da sunan Yaya.

4/ Gwamnati ta san da haka fa. A 1989 Babangida ya buɗe People's Bank, Tai Solarin ne shugaba. An kwaikwayi bankin Grameen na Bangladesh: ƙananan basussuka ba jingina, 'yan ƙungiya ke tsaya wa juna. A 2000 aka narkar da shi cikin bankin manoma.

5/ A 2013, lokacin Sanusi na gwamnan CBN, aka ware naira biliyan 220 don ƙananan sana'o'i, kashi 60 na mata. Sai dai kuɗin ta hannun bankuna yake bi, su kuma da nasu sharuɗɗan. Ga batun kuɗin ruwa, wanda ya sa da yawa ba sa ko leƙawa.

6/ Sai a 2017 Osinbajo, yana muƙaddashin shugaban ƙasa, ya sa hannu kan dokar jinginar kadarorin da ake iya ɗauka: inji, dabbobi, kayan shago. CBN na da rajistarsu. Wato a doka, injin markaɗen Hajiya ya isa jingina. Amma dokar ba ta tilasta wa manaja ya karɓa ba.

7/ Masu sana'a a nan, wace ce ta taɓa kai inji ko kayan shago banki aka karɓa? Ku faɗa mana yadda aka ƙare.